Girgizar Talata da Madubin da Aka Rataye

A duk shekarun da na yi ina zaman duti a ɗakin nan, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba wata Talata ce ta lokacin sanyi, jim kaɗan bayan sallar azahar. Tunda kun zo horo daga gida, wasunku daga Najeriya wasu daga Nijar, kuma ba da daɗewa ba kowannenku zai zauna a kujerar nan shi kaɗai, gara ku ji labarin daga bakina.

Ni Balkisu 'yar Zariya ce. Maigidana na biyo zuwa Alƙahira lokacin da ya samu gurbin karatun hadisi. Da digirina na kimiyya na zo, zaman gida ya ishe ni, sai na koma makaranta na karanci ilimin motsin ƙasa, daga nan aka ɗauke ni aiki a cibiyar nan ta unguwar Dokki. A lokacin da abin ya faru matsayina mai nazari mataki na biyu, wato mafi ƙanƙanta cikin waɗanda aka yarda su riƙe duti su kaɗai. Sama da ni akwai babban mai nazari, sama da shi akwai shugaban sashe, Doktor Magdi. Iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, a kan aikin nan take, kuma duk shekara sai Doktor ya sa hannu ake sabunta ta.

Aikinmu na asali kun fara ganinsa. Muna da tashoshi a hamada da bakin teku. Kowace tasha rami ne da aka binne na'urar jin motsin ƙasa a ciki, da batir, da faifan hasken rana a kai. Duk abin da na'urar ta ji sai ta turo mana, ya fito a allon kwamfuta kamar layi mai rawa. Mu duba, mu ce daga ina motsin ya taso, mu ce girmansa.

Amma akwai aiki na biyu da aka ɗora mana bisa yarjejeniya da wata cibiya a Turai. Su can suna da na'urar da ba ƙasa take saurare ba, sama take saurare. Idan manyan taurarin da suka mutu suka yi karo a can nesa, sararin kansa yakan kaɗa, kaɗawar ta yi ta tafiya har ta ratsa duniyarmu. Kafin ta iso ta yi rauni ƙwarai, ba abin da zai ji ta sai irin wannan na'ura. Dogayen bututu biyu ne, kowanne ya yi kilomita da dama, an zuƙe iskar cikinsu, an rataye madubai a bakinsu, hasken leza yana kai da komowa tsakanin madubi da madubi. In kaɗawar ta wuce, tazarar da ke tsakaninsu takan canza da abin da bai kai ƙwayar zarra ba, hasken kuma ya tona. A ofis ba ma wahalar da kanmu da dogon sunanta. Kunne muke ce mata.

Abin da ke jin motsi ƙarami haka ba ya jure babba. Kowane madubi ya kusa nauyin buhun siminti, amma a kan zaren gilashi huɗu yake rataye, kowane zare bai fi na ɗinki kauri ba. Girgizar da aka yi a wata nahiya, wadda mutanen garin da Kunne take ba za su ko ji ta a ƙafarsu ba, ta isa ta sa madubai lilo, hasken ya ɓace, a yi sa'o'i ana lallashinsa kafin ya dawo. In kuwa an gargaɗe su da wuri, akwai yadda suke sassauta riƙon madubai, na'urar ta bi motsin a hankali maimakon ta yi gardama da shi.

Abin da ya sa gargaɗi yake yiwuwa shi ne girgiza ba lokaci ɗaya take isowa ba. Akwai motsin farko, mai sauri amma marar ƙarfi. Akwai na ƙarshe, wanda ke bin saman ƙasa yana birgima a hankali, shi ne mai ɓarna. Saƙon waya ya fi su duka sauri. Manyan cibiyoyin duniya sukan jira tashoshi da yawa kafin su sanar, to in girgizar a ƙarƙashin tekun da ke arewa da mu ta taso, mu muke fara ji, kuma 'yan mintocin da muka riga kowa da su, su ne duk amfaninmu ga mutanen Kunne.

Wata uku kafin wannan Talata na yi kuskure. Masu fasa dutse a kudancin gari sukan tayar da nakiya tsakanin azahar da la'asar. Rannan wurare biyu suka tayar kusan lokaci ɗaya, kwamfuta ta haɗa su ta ce girgiza ce babba daga nesa, ni kuma ban tsaya na duba siffar layin da kyau ba, na danna gargaɗi. Mutanen Kunne suka sassauta madubai suka zauna jiran abin da bai zo ba. A cikin wannan jiran wata na'ura 'yar'uwarta a wata nahiya ta ji kaɗawa daga sama, tasu kuma ba ta cikin shirin ji sosai. Suka aiko da wasiƙa mai ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Doktor Magdi ya karanta ta a gaban kowa, bai ambaci sunana ba, amma ba wanda bai san duti na wa ne ba. Aka ba ni takardar neman bahasi. Daga ranar ya kafa doka: ba a aika gargaɗi sai tashoshi uku sun tabbatar, kuma sai babban mai nazari ko shi kansa ya amince da baki, a rubuta a littafin duti.

A makon da nake ba ku labari, mahaifiyata tana wurinmu. Inna ta zo aikin ido ne. An cire mata yanar ido ɗaya kwana biyu kafin ranar, an rufe shi da bandeji, ɗayan kuma dama ya daɗe da dushewa yana jiran nasa aikin. Ke nan kusan ba ta ganin komai. Gidanmu a unguwar Ainu Shams yake, hawa na biyar a wani tsohon gini marar na'urar hawa. Da safe na ɗiga mata magani, na ajiye mata ruwa da buta kusa da gado, na saita mata waya yadda in ta danna maɓalli ɗaya za ta same ni. Maigidana zai zauna da ita har azahar, sannan ya tafi ganin malamin da ke duba kundinsa, ya dawo da la'asar. Muka ce sa'a uku ba komai ba ce.

Da na iso ofis na tarar da abubuwa uku a littafin duti. Babban mai nazari yana hutu. Doktor Magdi ya tafi taro a ma'aikata, irin taron da ake karɓar wayoyi a bakin ƙofa. Na ukun saƙo ne daga Kunne. Sun ce ranar gyara ce, sun buɗe ɗakin wani sabon madubi da suka yi watanni suna ratayewa, kuma daga tsakar rana za su kwance maƙallan da ke tokare shi don su yi awo, mutum uku za su kasance a kansa. Suka roƙa in akwai wani abu kada a tsaya ga saƙon kwamfuta kawai, a buga waya, don masu aikin ba allo suke kallo ba. Na karanta, na sa hannu, ban kawo komai a raina ba. Sau nawa aka aiko irin wannan ba abin da ya faru.

Na idar da azahar a kusurwar can, na haɗa shayi, ban ko kai baki ba kwamfuta ta yi ƙara. Tashoshi biyu na bakin teku sun tashi. Na dubi ta uku, wadda ya kamata ta biyo su, layinta a miƙe yake kamar an ja da rula. Sai na tuna an rubuta a allo cewa Baba Usmanu ya tafi canza mata batir.

Baba Usmanu shi ne mai gyaran tashoshinmu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa za su hajji a ƙafa suka tsaya a Maiwurno. Shi kuma ya daɗe a Masar, yana zaune a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira da iyalinsa. Ba shi da digiri, amma ya binne na'urori a hamada tun kafin a haife ni. Duk ofis shi kaɗai nake Hausa da shi.

Kwamfuta ta rubuta cewa babu tabbas. Lokacin kuma daidai lokacin masu nakiya ne. Na matso da layin na duba. Nakiya takan yi tsalle ne farat ɗaya ta mutu. Wannan a hankali ya fara, yana ƙaruwa, yana buɗewa, kuma tashoshin arewa ne suka fara ji, ba na kudu ba. Idona ya gaya mini girgiza ce daga teku. Amma wancan karon ma ai na ɗauka na gani. Na kira Doktor, waya a kashe. Na kira babban mai nazari, tana ta ƙara ba a ɗauka. Hannuna yana kan maɓallin, na kasa dannawa, na kasa ɗagawa.

Sai wayar tebur ta yi ƙara. Baba Usmanu ne. Ashe abin turo saƙo kawai ya cire, na'urar ramin tana haɗe da kwamfutarsa ta hannu.

"Ya bitti, 'yata, kina ganin abin da nake gani?" in ji shi. "Wannan ba nakiya ba ce. Daga bahar yake, ƙarƙashin teku, kuma babba ne. Ɗauki biro."

Ya karanto mini lokacin da motsin farko ya iso tasharsa, har da daƙiƙa. Na shigar da hannu. Layuka uku suka haɗu a wuri ɗaya ƙarƙashin teku, kwamfuta ta nuna saura kamar minti bakwai babban motsin ya isa Kunne. Na ce masa Doktor ba ya samuwa, kuma doka ba ta san tashar da aka karanto ta waya ba. Ina jin iskar hamada tana kaɗa wayarsa.

"Ni mai batir ne, ba ni da ikon ce miki aika," ya ce. "Amma duk wanda ya tambaye ni, zan ce ni na gaya miki babba ne."

Na yi bisimilla na danna. Sannan na ɗaga ɗaya wayar na kira ɗakin kula na Kunne.

Wadda ta ɗauka sunanta Marta. Na san muryarta, don ita ce ke duti ranar da na yi kuskuren nan, ita ma ta gane tawa. Da Turanci muke magana. Na gaya mata inda girgizar ta taso da mintocin da suka rage. Ta tambaye ni tashoshi nawa, na ce uku, ɗaya da baki aka karanto mini. Ta tambaya ko shugabana ya amince, na ce ba wanda ya amince, ni kaɗai ce a ɗakin. Ta ce in suka ɗaure madubin yanzu, awon da suka yi kwanaki suna shiryawa ya tashi a banza.

"Kin tabbata?" ta ce.

Ban kai ga amsawa ba kujerar ta zame da ni. Shayin ya tuntsure kan littafin duti, fitilar rufi ta fara lilo, ƙofofin kabad suna buɗewa suna rufewa. A baranda na ji ana cewa zilzal, zilzal, wato girgizar ƙasa, ana gudu zuwa matakala. A daidai lokacin wayata ta hannu ta haska a kan tebur. Inna ce. Ina kallon sunanta, wayar tana rawa tana matsowa bakin tebur.

"Ginin da nake ciki yana motsi yanzu haka," na ce wa Marta. "Ki ɗaure madubinki, ki janye mutanenki."

Na ji ta ajiye kan wayar a tebur, na ji muryarta a lasifika tana magana da harshensu da sauri, sannan layin ya katse. Kafin in kai hannu ga tawa wayar, kiran Inna ya yanke.

Na kira ta, tana ƙara ba a ɗauka. Na sake, haka. A karo na uku layin wayoyin hannu ya cushe gaba ɗaya, don duk Alƙahira kowa yana neman nasa. Maigidana ma ba ya shiga. Motsin ya lafa, ginin ya yi tsit, kowa ya sauka titi. Ƙa'idar duti kuwa kun karanta ta: ba a barin kujera sai in bango ya tsage. Akwai rahoton farko da dole a tura wa hukumar agajin gaggawa, akwai kuma ƙananan girgizar da kan biyo baya da za a sa wa ido. Na rubuta rahoton, na yi kuskure sau biyu a lambobi na gyara, na tura.

A allo akwai taswira da ke nuna inda motsin ya kai, da'ira ce tana faɗaɗa a kan teku. Na zauna ina kallonta tana cin ruwa, tana matsawa yamma da arewa, agogon gefe yana raguwa. Zuciyata kuma tana Ainu Shams. Ina ganin tsohuwa marar ido ta miƙe a ruɗe tana lalube, ina ganin matakalar nan tamu mai karyayyen ƙarfe a hawa na uku. Agogon ya kai sifili, da'irar ta wuce kan Kunne ta ci gaba. Ba saƙo, ba waya. Ban san ko sun ɗaure ba, ban san ko zaren ya tsinke a kan hannun wani ba, ban san halin da uwata take ciki ba. Na kira wayar gidan maƙwabta ta tebur, tana ta ƙara a gidan da ba kowa.

Baba Usmanu ya sake bugowa a wayar tebur ya ce ya mayar da tashar kan layi. Da ya ji muryata ya tambayi abin da ke faruwa, na gaya masa. Ya ce ya samu matarsa kafin layi ya cushe, kwanuka ne kawai suka zubo. Ya ce in gine-ginen Ard al-Liwa suna tsaye, to in sha Allahu na Ainu Shams ma suna tsaye, don ya san irin ginin ha'incin da aka yi wa na unguwarsu. Na yi 'yar dariya ba don raina ya so ba. Bai ajiye wayar ba, ya zauna a kan layi yana karanto mini ƙananan motsin da ke biyowa, alhali ya san ina ganinsu a allona.

An yi fiye da rabin sa'a kafin wata baƙuwar lamba ta shigo wayata. Umm Karim ce, maƙwabciyarmu ta hawa na huɗu, mace mai jiki mai ciwon gwiwa, wadda in za ta hau gida sai ta huta a kowane hawa. Tana haki. Ta ce da suka sauka titi ta dubi fuskokin mutanen gini ta ga ba Hajja 'yar Najeriya, sai ta karɓi mabuɗi wurin bawwab, mai gadin gidan, ta sake hawa. Ta ce in kwantar da hankalina, ga Inna nan zaune a kan darduma, tamam take, lafiya lau. Ta miƙa mata wayar.

"Auta," in ji Inna, "maganin nan da likita ya ba ni yana sa jiri. Ɗazu sai na ji gadon yana tafiya da ni. Na kira ki in ji ko in daina sha, wayar ta suɓuce ta shige ƙarƙashin gado. Ga wata baiwar Allah nan ta shigo tana ta yi mini Larabci tana shafa kaina."

Na ce mata kada ta daina sha, ina nan zuwa. Na ajiye wayar na kifa kaina a kan jiƙaƙƙen littafin duti. Ban san ko dariya nake ko kuka ba, na dai san na daɗe a haka.

Doktor Magdi ya shigo kafin la'asar, ya sassauta ɗaurin wuyansa, takalmansa duk ƙura. Hanya ta cushe, da ƙafa ya ƙetaro gada. Bai gaishe ni ba, littafin ya nufa. Ya karanta a tsaye, ya tambayi wanda ya amince. Na ce ba kowa. Ya tambayi tasha ta uku, na gaya masa yadda aka yi. Ya ja kujera ya zauna, ya buɗe layukan da kansa yana aunawa ɗaya bayan ɗaya, kamar ba na ɗakin. A lokacin manyan cibiyoyin duniya sun riga sun sanar, kuma wurin da suka sa bai yi nisa da nawa ba. Ya ga haka, ya ci gaba da awonsa.

Yana nan zaune wayar ta yi ƙara. Shi ya ɗauka, ya saurara, ya miƙo mini. Marta ce. Ta ce sun samu sun ɗaure. Maƙalli na ƙarshe ya kama, mutanen suka janye hannuwansu, ba a yi minti biyu ba motsin ya iso. Sauran madubai sun yi lilo sosai, amma sabon bai motsa ba, zarensa huɗu lafiya. Ta ce injiniyan da ya yi watanni yana haɗa zaren ya zauna a ƙasa cikin farar rigarsa ta aiki, aka yi ta fama kafin ya iya tashi. Sannan ta rage murya ta ce ta ɓata daƙiƙoƙi tana tambayata saboda ta tuna sunana, tana neman afuwa. Na ce ma'alish, ba komai, ni ma na ɓata nawa saboda na tuna sunan nawa.

Da na ajiye, Doktor ya jawo littafin ya buɗe biro. Gaskiya na sa rai zai sa hannu a gurbin amincewa a wuce wurin, ba wanda zai sani. Bai yi haka ba. Ya rubuta ainihin lokacin da ya shigo, ya rubuta cewa an aika gargaɗi ba tare da amincewar babba ba, kuma ana buƙatar bayani a rubuce kafin safiya. Na tuna iƙamata saura wata biyu. Sai ya ci gaba da rubutu a ƙasa, ya juyo mini da littafin in karanta. Ya rubuta cewa dokar da aka karya shi ya kafa ta, kuma da an bi ta a yau da an yi asarar da ba za a iya mayarwa da wuri ba, don haka yana neman a sake duba ta.

"Ustaza Balkis," ya ce, "kin karya doka, kuma kin yi daidai. Duka biyun zan rubuta."

Daga nan ya lura da idanuna, ya tambaya. Da na gaya masa zancen Inna sai ya ɓata rai fiye da yadda ya ɓata kan littafin, ya ce me ya sa ban faɗa tun shigowarsa ba. Ya ce yalla, maza in tafi gida, shi zai ƙarasa dutin. Mutumin da ya yi shekaru bai zauna a kujerar nan ba.

A metro, jirgin ƙasan cikin gari, mutane sai labarin zilzal suke, kowa da inda ta same shi. Na isa na tarar da maigidana ya dawo, Umm Karim na nan ba ta tafi ba, ta kawo miyar adas, wani irin ƙaramin wake, ita da Inna suna hira, ɗaya da Larabci ɗaya da Hausa, kowace tana gyaɗa kai. Sai bayan magariba na gaya wa Inna cewa ba magani ba ne, ƙasa ce ta girgiza. Ta yi salati. Na kuma gaya mata abin da ke cina, cewa na ga kiranta a lokacin ban ɗauka ba, saboda wani madubi a ƙasar Turawa. Na ɗauka za ta ji zafi.

"Da kin ɗauka, me za ki yi mini daga Dokki?" ta ce. "Waɗancan kuwa kin yi musu."

Ta yafe tun kafin in roƙa, amma ba zan ɓoye muku ba, har yau in na tuna wayar nan tana rawa a kan tebur sai abin ya dame ni.

Na rubuta bayanina na miƙa da safe, aka sa shi a fayil ɗina, yana nan har yanzu kusa da takardar bahasin farko. Bayan 'yan makonni aka canza dokar zuwa wadda kuka tarar: mai duti yana aika gargaɗi da kansa, a sanar da babba daga baya, kuma lokacin da mai gyaran tasha ya karanto ta waya ana karɓarsa a matsayin tasha. Mutanen Kunne ma suka yarda cewa gara a tayar da su a banza wani lokaci da a bar su a duhu. Iƙamata Doktor ya sa mata hannu ba tare da ya ɗago kai ba.

Bayan wannan na sake aika gargaɗin da bai zama komai ba, sau ɗaya. Na rubuta bayani, na ji kunya, na ci gaba da aiki. Abin da ranar ta koya mini ke nan game da sana'ar nan. Ba a ɗauke mu don kada mu taɓa kuskure ba, an ɗauke mu ne don mu faɗi abin da muka gani tun yana da amfani. Tsoron kuskuren jiya ya kusa sa ni yin wanda ya fi shi girma, kuma haka ya kusa sa Marta. Ku duba layin da kyau, ku yi sauri, ku faɗi gaskiyar abin da kuke da shi: tashoshi nawa, wa ya amince, wa bai amince ba. Na can ɓangaren yana da hankali, zai yanke nasa hukuncin.

Game da mutanen sana'ar kuma, kada ku auna su da matsayinsu a takarda. Ku san sunan masu gyaran tasha, ku gaishe su, ku ɗauki wayarsu ko da kuna cikin ruɗu. Kada ku tsani shugaban da ya ƙi gyara muku littafi, shi ne wanda in ya rubuta kun yi daidai kowa zai yarda. Abu na ƙarshe ba ya cikin takardun horonku. Ranar da ƙasa ta motsa, kowa a garin nan zai ruga wurin nasa, ku ne kaɗai ba za ku iya ba. Don haka kafin ku karɓi dutinku na farko, ku je ku ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtanku, ku gaya musu irin aikin da kuke yi, ku gaya musu wa kuke bari a gida.